Darasi na Sha Ɗaya: Malamin Turanci da Takardun Fita Aiki a Ƙasar Waje

Makarantu a Saudiyya, da Japan, da Tailan, da Biyetnam, har da na maƙwabtanmu masu aiki da Faransanci, suna ɗaukar baƙi su koyar da Turanci. Malamin da ya yi shekaru yana riƙe da alli a Gusau ko Bauchi yana da abin da waɗannan makarantu ke nema, kuma ba laifi ba ne ya nemi inda za a biya shi daidai wahalarsa. Sai dai iya koyarwa ba ya shigar da mutum jirgi. Takardu ne ke shigar da shi, kowace da ofishin da ke bayar da ita, da wadda dole ta riga ta, da ranar da za ta mutu. Abin da wannan darasi zai koya muku ke nan.

Ƙofar da ke buɗe da wadda ke rufe

Kafin ku kashe ko kwabo, ku fara sanin ko ƙasar da kuke hari tana karɓar mai fasfon Najeriya a wannan aiki. Koriya ta Kudu tana da biza ta musamman ga malaman harsunan waje, ana kiranta E-2. Ga Turanci, 'yan ƙasashe bakwai ne aka ware mata: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostireliya, Niw Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, Gana ma ba ta ciki. Ko kuna da digiri na uku a Turanci, fasfonku ya riga ya yanke hukunci. A ganina wannan ba adalci ba ne, domin akwai malaman da suka tashi a Zariya da suka fi Baturen da bai taɓa shiga aji ba sanin nahawun Turanci nesa ba kusa ba. Amma dokar ƙasarsu ce, kuma duk ejan da ya ce muku yana da hanyar zagaye ta, kuɗinku yake so.

Ita ma ƙasar Sin ta fifita waɗanda Turanci ne harshen ƙasarsu ta haihuwa, kuma tun watan Yulin 2021 da gwamnati ta hana cibiyoyin lesin masu neman riba koyar da darussan makaranta, guraben da baƙi ke samu suka ragu sosai. Japan kuwa ta bi wata hanya dabam. Sharaɗinta ga baƙon da zai koyar da harshe a makarantun firamare da sakandare shi ne ya kasance ya yi aƙalla shekara 12 yana karatu da wannan harshe. Wanda ya yi firamare da sakandare da jami'a a Najeriya zai iya cika wannan, in dai yana da takardun da za su nuna hakan. A Tailan ana karɓar waɗanda Turanci ba harshensu na gado ba ne, amma majalisar malamai ta ƙasar tana neman sakamakon jarabawa irin su TOEIC, da maki 600 ko fiye.

Akwai hanyoyi biyu da mutane ke rainawa alhali sun fi sauran tsabta. Ta farko ita ce shirin TAC na Gwamnatin Tarayya, wanda aka kafa a 1987 lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje. Ta wannan shiri Najeriya na tura malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik na tsawon shekara biyu. Gwamnati ce ke biyan alawus da kuɗin jirgi, ƙasar da ta karɓi mutum ta ba shi masauki, kuma babu ejan a tsakani. Ta biyu ita ce ƙasashen ECOWAS. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙungiyar damar shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar ba biza har kwana 90. Wanda zai zauna ya koyar a Kwatano ko Lome ko Abijan zai nemi katin zama kafin kwanakin su cika. Ku tuna cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, don haka mai niyyar koyarwa a Maraɗi ko Yamai ya je ofishin jakadancin Nijar ya ji ƙa'idar zama daga bakinsu, kada ya dogara da yadda aka saba yi a da.

Aiki tukuna, sannan biza

Wannan shi ne kashin bayan darasin, don haka ku natsu a nan. A kusan duk ƙasar da ke ɗaukar malamai, ba malami ne ke fara neman bizar aiki ba. Makarantar ce ke zuwa wurin hukumar ƙasarta ta ce tana son ɗaukar wane, hukuma ta ba ta takardar amincewa, ta aiko muku, sannan ku kai ofishin jakadanci a buga muku biza. A Sin takardar ita ce sanarwar izinin aiki, da ita ake neman biza mai harafin Z. A Japan ita ce shaidar cancanta da hukumar shige da fice ke bayarwa, kuma wata uku kawai take yi kafin ta mutu. A Birtaniya lamba ce da makarantar da ke da lasisin ɗaukar baƙi ke fitarwa da sunanku. A Saudiyya kafili ne ke ciro bizar daga can. Sunayen sun bambanta, tsarin ɗaya ne.

Saboda haka idan wani ya ce ku shiga da bizar yawon buɗe ido, ko ta kasuwanci, ko ta Umara, in kun isa za a juya ta koma ta aiki, to ku tsaya ku yi tunani. Kowace biza tana da abin da ta halatta wa mai ita, kuma ta ziyara ba ta halatta karɓar albashi. Dokar shige da fice ta Sin, wadda ta fara aiki a 2013, ta tanadi tarar yuwan 5,000 zuwa 20,000 ga baƙon da aka kama yana aiki ba izini, in laifin ya yi nauyi a haɗa da tsarewa ta kwana 5 zuwa 15, ana kuma iya korarsa. Mu da muka san halin da 'yan'uwanmu ke shiga a Jidda da Makka idan suka wuce wa'adin Umara ba su da igama, wato izinin zama, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Amma tun kafin a kama mutum ma ya riga ya yi asara. Malamin da ba shi da izinin aiki ba shi da bakin magana. In mai makaranta ya riƙe masa albashin wata uku, ina zai kai ƙara, alhali zuwansa ofishin ƙwadago tona wa kansa asiri ne? Masu ɗaukar irin waɗannan malamai sun san haka sarai, shi ya sa suke son su.

Wani lokaci abin ya wuce cin albashi. A watan Janairun 2020 wani bidiyo ya bazu na wata matashiya 'yar Najeriya da aka yi wa alkawarin aikin koyar da Turanci a Labanan, da ta isa aka karɓe fasfonta aka mai da ita 'yar aikin gida, sai da hukumomi suka sa baki aka dawo da ita. A kudu maso gabashin Asiya kuma ana yaudarar masu jin Turanci da tallar aiki a Tailan, a tsallaka da su iyaka zuwa Miyanma a tilasta musu damfara ta intanet. Alamun irin wannan tarko ba sa ɓuya: albashi mai yawa ba tare da an yi muku intabiyu ba, makarantar da ba ta da adireshin da za a iya tabbatarwa, matsin lamba cewa ku biya yau ko guraben su ƙare, da ejan da ba ya son ku yi magana da makarantar kai tsaye. Wanda ya ga haka ya kai rahoto ga hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da safarar mutane.

Takardun gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu takardun ana iya haɗa su tun kafin a sami aiki, wasu kuma in aka yi su da wuri sai su mutu kafin a buƙace su.

Fasfo ne farko. Hukumar Shige da Fice ke bayar da shi, akwai mai shafi 32 na shekara biyar da mai shafi 64 na shekara goma, kuma sai da lambar NIN. Yawancin ƙasashe suna son ya kasance da sauran aƙalla wata shida, amma mai tafiya kwantiragin shekara biyu bai kamata ya tsaya a nan ba, domin izinin zama ba ya wuce ran fasfo. In da hali, na shekara goma ya fi.

A nan ne wata matsala da ta addabi mutanenmu ke fitowa, wato rashin daidaiton suna. Mutum ɗaya ne, a takardar WAEC an rubuta Muhammad, a digiri Mohammed, a NIN Muhammed, wata takardar ma an taƙaita shi Moh'd. A wata an sa sunan uba, a wata an sa sunan gari. Mace ta yi karatu da sunan mahaifinta, fasfo ya fito da sunan miji. Ranar haihuwa kuwa, wadda hedimasta ya ƙiyasta ranar shiga firamare ba ita ce ke katin banki ba. A gida muna ɗaukar wannan ba komai ba, tunda kowa ya san kowa. Jami'in biza da ke Abuja ko Tokiyo bai san ku ba, takarda kawai yake gani, kuma suna biyu a wurinsa mutum biyu ne. Ku shimfiɗa takardunku duka a kan tabarma ku karanta su harafi bayan harafi. Inda aka sami bambanci, a je kotu a yi rantsuwa, a buga sanarwa a jarida idan sauyin suna ne, a gyara NIN kafin a nemi fasfo. Wannan gyara yana cin watanni, kuma shi ne ya fi kowane abu jinkirta tafiyar mutane.

Sai takardun karatu. Ƙasar waje ba ta yarda da digiri don kawai ta ga hatimin jami'a. Akwai wata yarjejeniya ta 1961 da aka ƙulla a birnin Heg, wadda ta sa hatimi guda ya wadatar tsakanin ƙasashen da ke cikinta. Najeriya ba ta cikinta, saboda haka tamu hanyar doguwa ce: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardar, Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga nata hatimin, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ku je ya buga nasa. Ba a tsallake mataki, ba a kuma juya jerin. Ku nemi cikakken sakamakon jarabawarku daga jami'a tun da wuri, kowa ya san yadda hakan ke ɗaukar lokaci. Ku haɗa da takardar bautar ƙasa, da rajistarku ta TRCN, da wasiƙun makarantun da kuka koyar masu nuna ranar farawa da ranar gamawa.

Makarantu da yawa suna neman shaidar horo kan koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Wadda ta fi karɓuwa ita ce CELTA ta Kambirij, mai kimanin awa 120 da koyarwa ta awa shida a gaban ɗalibai na gaske ana duba ku. Akwai kwasa-kwasan TEFL masu araha barkatai a intanet, wasu na ƙwarai, wasu takarda ce kawai. Ku tambayi makarantar wadda take karɓa kafin ku biya. Sakamakon jarabawar Turanci ta IELTS kuma shekara biyu yake yi.

Waɗanda ake bari sai aiki ya tabbata su ne masu gajeren rai. Takardar 'yan sanda mai shaida cewa ba ku da tarihin laifi, ofisoshin jakadanci ba sa karɓar wadda ta daɗe. Gwajin lafiya dole a yi shi a asibitin da ofishin jakadanci ya amince da shi, ba wanda kuka saba zuwa ba. Mai zuwa Birtaniya zai yi gwajin tarin fuka a cibiyar da aka ware, kamar ta hukumar IOM a Abuja ko Legas, kuma wata shida takardar take yi. Mai zuwa Tailan zai nemi takardar wankewa daga NDLEA. Katin rigakafin shawara, mai launin ɗorawa, yana fara aiki kwana goma bayan allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Kwantiragi

Kada ku sa hannu a abin da ba ku karanta ba, kada kuma ku karɓi alkawarin baki. A duba albashi, kafin haraji ne ko bayansa. A duba awa nawa ake koyarwa a mako, da ko shirya darasi da makin jarabawa suna cikin lissafi. Wa ke biyan kuɗin biza, da tikitin zuwa da na dawowa, da gida, da inshorar lafiya? In kuka bar aiki kafin wa'adi, me za ku mayar? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Saudiyya ana rajistar kwantiragi a dandalin Qiwa na gwamnati, abin da ke can shi ne hukuma ta sani, ba wanda aka turo muku ta WhatsApp ba. Idan kwantiragin yana da harshe biyu, ku sami wanda zai karanta muku ɓangaren Larabcin ko na harshen ƙasar, domin galibi shi kotu ke bi.

Mai iyali ya tambaya tun farko ko bizarsa ta ba shi damar ɗaukar mata da yara. Za a nemi takardar aure, da kuma takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, su ma a tantance su. Birtaniya da ƙasashe da dama mace ɗaya suke ba wa izinin bin miji. Wannan magana ce da ya kamata a yi ta a gida da gaskiya, tun ba a sayi tikiti ba. Ma'aikacin gwamnati kuma ya nemi hutu ba albashi ko ya ajiye aiki a rubuce, kada ya ɓace kawai.

Hanya

Ba a sayen tikiti sai biza ta fito. Ƙofa tana iya rufewa ba sanarwa: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza daga ƙarshen 2022 har watan Yulin 2024.

Ku duba inda jirgi zai yada zango. Mai fasfon Najeriya ko Gana da zai sauya jirgi a Faris ko Farankfot yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana riƙe da wata biza da ta ɗauke masa wannan. Landan ma tana da irin wannan ƙa'ida. Shi ya sa matafiyanmu suka fi bi ta Adis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha, ko Istanbul. Ku sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya. In kuka raba ta biyu don araha, za ku iya buƙatar fita ku ɗauki kaya ku sake shiga, wanda ba ya yiwuwa ba biza, kuma in jirgin farko ya makara babu mai biyan ku na biyu.

Asalin takardunku su kasance a jakar hannu, tare da kwantiragi da adireshin makaranta da lambar wanda zai tarye ku. Ku bar kwafi a gida, ku ajiye hotunansu a imel. Kuɗin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastam. Magani irin su taramadol da kodin suna kai mutum kurkuku a ƙasashen Larabawa, don haka mai shan magani kullum ya tafi da takardar likita. Saudiyya ba ta yarda a shiga da goro ba. Kada ku karɓi saƙon kowa a filin jirgi, kuma ku ƙirga tikitin kayan da aka manna muku, ya yi daidai da yawan jakunkunanku. A watan Disambar 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina saboda jakar ƙwaya da aka aika da sunanta ba ta sani ba, sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta bayan bincike ya wanke ta.

Wani ƙaramin abu mai babban amfani: layin wayarku na gida. Da shi banki ke turo muku lambar sirri, kuma in ya daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya ba wani. Ku tafi da shi, ku riƙa sa masa kati.

Bayan sauka

Bizar da ke fasfonku ta shiga ce kawai, zama yana da tasa takardar, kuma kwanaki suna fara ƙirguwa daga ranar da aka buga muku tambari. A Sin, wanda bai sauka a otal ba zai yi rajista a ofishin 'yan sanda cikin awa 24, ya kuma nemi izinin zama cikin kwana 30. A Japan ana ba da katin zama, sannan a kai adireshi ofishin ƙaramar hukuma cikin kwana 14 da samun gida. A Tailan sai takardar izinin aiki ta fito ake shiga aji, kuma duk kwana 90 ana sanar da hukuma inda ake zaune. A Saudiyya kafili ne ke fitar da igama cikin kwana 90, kuma doka ba ta ba shi ikon riƙe fasfonku ba. In ya karɓa don aikin igama, ku nemi ya dawo da shi da zarar an gama.

Ku tafi da guzurin da zai riƙe ku wata biyu, domin albashin farko yana zuwa ne bayan an yi aikin, ga kuma kuɗin ajiyar haya. Sannan ku je ofishin jakadancin Najeriya ku rubuta sunanku da lambarku. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, sai da aka tattara sunayen 'yan Najeriya kafin a kwashe su ta iyakar Masar da kuma ta birnin Fot Sudan. A irin wannan rana, wanda ofishin ya riga ya san da zamansa shi ya fi sauƙin nemowa.

Aikin aji da na gida

Ku kasu gida uku, kowane rukuni ya ɗauki ƙasa ɗaya daga Japan, Saudiyya da Binin. Ku rubuta takardun da malami zai nema, ku jera su bisa wadda ke fara zuwa, ku ja layi a ƙarƙashin duk wadda ke mutuwa cikin wata shida ko ƙasa da haka.

Ku tattauna wannan: wata malama da ta yi shekara takwas tana koyarwa ta sami saƙo cewa an ɗauke ta aiki a wata ƙasa, ba a yi mata intabiyu ba, an ce ta biya kuɗi cikin kwana uku ta shiga da bizar ziyara. Ta zo neman shawararku. Waɗanne tambayoyi za ku ce ta yi wa mai saƙon, kuma wace hukuma za ta tuntuɓa?

A gida, kowa ya ɗauko katin NIN da takardun makarantarsa da na banki, ya kwafe sunansa da ranar haihuwarsa daidai yadda suke a kowace takarda, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Ku zo da abin da kuka samu a darasi na gaba, za mu duba yadda ake cike takardar rantsuwa ta kotu.